Gajeren mulki da dogon yabo: Titus, Pertinakis da Oreliyan

A tarihin daular Rum akwai sarakunan da ba su jima bisa gado ba, amma marubuta suka cika su da yabo. Abin da muke so mu bincika a wannan takarda shi ne ko yabon nan ya dogara ga aikin da suka yi, ko kuwa ga ƙarancin kwanansu da kuma alƙalamin waɗanda suka ba da labarinsu.

Mu fara da Titus, ɗan Bespaziyan, wanda ya yi sarauta daga Yuni 79 zuwa Satumba 81 miladiyya, zazzaɓi ya ɗauke shi. Cikin shekaru 2 da ƴan watanni dutsen Bezub ya yi aman wuta ya binne Pompeyi (79), gobara ta ci birnin Rum (80), annoba ta biyo baya. Titus ya buɗe baitulmali ya agaji mutane, ya kori masu tsegumin da ke kai ƙarar manya fada, bai kashe ɗan majalisar dattawa ko ɗaya ba. Sai dai wannan Titus ɗin ne ya rushe Haikalin Birnin Ƙudus a 70, kuma lokacin da yake shugaban dogarawan ubansa an san shi da zafin hannu, har mutanen Rum na tsoron wani Neron ne za su samu. Diyon Kasiyus da kansa ya yi shakka, yana ganin da ya daɗe mai yiwuwa a gane sa'a ce ta fi hali yawa. Muna tare da shi a nan. Neron ya hau gado a 54, an yaba shekarunsa na farko. Da ya mutu kafin ya kashe uwarsa Agiripina a 59, da yau yana cikin jerin da muke magana a kai. Kada kuma mu manta waɗanda suka rubuta rayuwar Titus sun yi ta ne bayan an kashe ƙanensa Domisiyan a 96, mutumin da ƴan majalisa suka ƙi jini. Duk hasken da aka ƙara wa wan, duhu ne aka ƙara wa ƙanen.

Pertinakis ya fi shi gajarta: daga 1 ga Janairu zuwa 28 ga Maris 193, bai cika wata 3 ba. Ɗan ƴantaccen bawa ne, tsohon malamin makaranta da ya koma soja. Ya tarar Komod ya ƙarar da baitulmali, ya yi gwanjon kayan fada, ya nemi ya ladabtar da dogarawa. Su ne suka kashe shi, suka sayar da sarautar ga Didiyus Juliyanus a kan sestersi 25.000 kowane soja. Babban mai shaidarmu, Diyon, ɗan majalisa ne da Pertinakis ya ba muƙami; kuma Setimus Seberus ya ɗauki sunan mamacin don ya halatta tasa sarautar.

Lamarin Oreliyan (270-275) dabam ne, don shi ba ƙauna ta ɗaga shi ba. Ya murƙushe tawayen maƙeran kuɗi a Rum, ya kashe wasu ƴan majalisa, tsofaffin marubuta suna kiransa mai ƙeƙasar zuciya. Amma aikin yana nan a fili. Ya tarar da daula ta rabu uku. Ya ci Zenobiya ta Palmira a 272, ya karɓo ƙasar Gol daga hannun Tetirikus a 274, ya janye daga Dasiya da ya ga ba ta tsaruwa (hikimar da ba kasafai ake yaba wa mayaƙi ba), ya fara ganuwar Rum mai tsawon kusan kilomita 19. A 275, yana ƙasar Tiras, magatakardansa da ke tsoron horo ya ƙaga jerin sunayen hafsoshin da wai za a kashe, ya nuna musu, su kuwa suka riga sarki. Purobus ne ya ƙarasa ganuwar. Shi ma sojojinsa suka kashe shi a Sirmiyum a 282, bayan ya sa su aikin yashe fadama.