Hanyar Makka Jiya da Yau

A zamanin da, wanda ya yi niyyar zuwa Makka daga ƙasar Hausa ba ya bukatar takarda ko ɗaya. Abin da ya ke nema shi ne guzuri da jaki da ayarin da zai bi. Kafin ya tashi sai ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, domin ba kowa ke komowa ba.

Hanyar kuwa gabas ta miƙa. Daga Kano a bi ta Barno, a shiga Bagarmi, a wuce Wadai da Darfur, har a kai Kogin Nilu. Daga nan a nufi Sawakin, a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. In guzuri ya ƙare, sai mutum ya tsaya ya yi noma ko ƙwadago, ya tara, sa'an nan ya ci gaba. Saboda haka tafiyar ta kan ci shekaru. Da yawa sun zauna a Sudan, jikokinsu na can har wa yau.

Da Turawa suka shata iyakoki, sai al'amari ya sake. Jirgin ƙasa ya iso El Obeid a 1912, ya rage wa matafiya wahala. A 1920 aka yi taro a Faris, aka daidaita siffar fasfo. Sannu a hankali ya zamana ba a ƙetare iyaka sai da shi, da kuma shaidar an yi wa mutum lamba saboda agana. A Sawakin ma a kan tsare alhazai kwanaki don a tabbata ba su ɗauke da cuta. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa ta teku ya bi a 1921, ya biya ta Ingila.

Yanzu jirgin sama kan kai mutum Jidda daga Kano a yini guda. Amma sai da fasfo da biza da shaidar allurar shawara da ta sanƙarau. Tun 1988 kuma kowace ƙasa tana da adadin kujerun da aka yanka mata. Tsohuwar hanyar ƙasa kuwa, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya toshe ta.

To, kun ga nisa ne ya tsare kakanninmu, mu kuwa takarda ce ke tsare mu. Wanda ya iya karatu shi zai duba fasfonsa da kansa, ya ga ranar ƙarewarsa, kada ɗan damfara ya cuce shi. Allah ya kai mai niyya lafiya, amin.