Gwajin Cire Kan Batir: Gadon Dinamo da Ke Kashe Altaneta

Akwai wani gwaji da har yau ake yi a gareji: a tayar da mota, a zare waya daga kan batir, a ga ko injin zai mutu. Idan ya ci gaba da aiki, sai bakanike ya ce caji lafiya lau. Gwajin yana da tarihi, kuma a tarihin ne matsalarsa take.

A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fitar da mota mai tashi da lantarki, bisa ƙirar Charles Kettering da kamfaninsa Delco. Daga nan mota ta buƙaci abin da zai riƙa mayar wa batir wutar da tayar da inji ta cinye. Kusan shekara hamsin dinamo ne ya riƙe wannan aiki. Na'ura ce mai juriya, wadda ke farfaɗo da kanta daga ɗan maganaɗisun da ya rage a ƙarfenta, kuma motar wancan zamani ba ta da abin da wuta za ta ƙona in ban da ƙwan fitila da rediyo. Cire kan batir a irin wannan mota gwaji ne na danye-danye, amma galibi akan tsira.

Aibin dinamo shi ne rowa a lokacin da inji ke tafiya a hankali. Direban da ya daɗe a cunkoso da dare, fitilu a kunne, batirinsa yake ci. Altaneta kuwa tana ba da wuta tun inji na tsaye a silo, sai dai wutarta mai kai-komo ce, batir kuma ba ya karɓar sai mai miƙewa hanya ɗaya. Diyod na silikon mai araha ne ya warware wannan, kuma a 1960 Chrysler ta sa altaneta a motarta Valiant. Cikin 'yan shekaru Ford da General Motors suka bi sahu.

Abin da ya canja, wanda hannun masu gyara bai koya da wuri ba, shi ne matsayin batir. A tsarin altaneta, batir ne ke shanye duk wata tunzurar wuta. Zare shi inji na aiki, ƙarfin wutar na iya yin tsalle zuwa ninkin-ba-ninkin volt 12 na ɗan ƙiftawar ido. Wannan ya isa ya ƙona diyod ko regileta, a motar yau kuma har da kwamfutar inji, wadda kuɗinta ya fi na altanetar. Sannan gwajin ma maƙaryaci ne: altaneta mai mataccen diyod ɗaya cikin shida tana iya riƙe inji, ta kasa cika batir.

Mita ta wadatar. Batir cikakke, inji a kashe, yakan nuna kusan volt 12.6, inji na aiki, tsakanin 13.8 da 14.5, ko da yake sababbin motoci da kwamfuta ke sarrafa cajinsu sukan sauka ƙasa da haka da gangan. A kunna fitilu da fanka a sake aunawa, a duba bel. A kuma lura da jan fitilar batir kafin a tayar: a tsofaffin ƙira da dama, ta cikin wannan ɗan ƙwan ne wutar farko ke shiga altaneta, don haka idan ya mutu, caji na iya ƙin farawa alhali altanetar lafiyarta ƙalau.