Masu juya fim a Dingyaɗi: daga kaset zuwa memori

Kafin wayar GSM ta shigo Najeriya a 2001, a kaset fim ɗin Hausa yake iso mana Dingyaɗi. A saro shi a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya sauka Sakkwato, ya biyo motar Boɗinga. Harkar da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe a 1990 ke nan. Mai son kwafi sai ya jona bidiyo biyu, ɗaya na nunawa, ɗaya na ɗauka. Fim ɗin awa biyu sai ya ci awa biyunsa cif, kuma kowane kwafi ya fi uwarsa dishi-dishi. Faifan CD ya zo ya kori kaset, amma abin da yake ɗauka bai wuce minti 80 ba.

Ni a zamanin memori na shiga sana'ar, ina yaron shagon yayana. Wayoyin lokacin ba sa buɗe fim ɗin faifai sai an juya shi zuwa 3GP, ɗan hoton da faɗinsa ɗigo 176 ne, tsayinsa 144. Jarinmu kwamfuta ce 'yar gwanjo mai Pentium 4, da manhajar Format Factory, da ƙaramin janareto. Mai waya zai miƙo memorinsa ya ce, "A tura mani sabo," bai san daren da sabon ya ci ba.

Nawar juyin tana da dalili. Kowace daƙiƙa ta fim hotuna 25 ce, wato 90,000 a awa ɗaya. Sai kwamfuta ta buɗe kowanne, ta rage girmansa, ta gwada shi da na bayansa, ta adana abin da ya canza kawai. Duk wannan a kan ƙwaƙwalwa ɗaya tal. Ga zafin bazara: da injin ya ɗau zafi sai ya rage gudu don kada ya ƙone. Ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Yayana kan cire murfin akwatin, ya hure ƙurar, ya kafa mata fankar tebur, ya jera fina-finai bayan Isha'i su kwana suna juyuwa. In man janareto ya ƙare juyin yana dab da kammala, sai a faro daga farko. Ya hana a buɗe komai a kwamfutar tana cikin aiki. "Bar ta ta numfasa," in ji shi.

Sauƙi ya samo asali ne a 2011, da Intel ya saka sashe na musamman don juya bidiyo a cikin ƙwaƙwalwarsa, mai suna Quick Sync. Nvidia ya biyo da NVENC a 2012. Sai da irin waɗannan injuna suka tsufa a Turai suka zo mana a gwanjo. Yau wanda ya zaɓi wannan sashe a manhajar HandBrake zai gama aikin dare kafin shayi ya huce. Wayoyi ma sun koyi buɗe MP4, manhajar Xender ta maye gurbin Bluetooth, fim ɗin Izzar So ya fito a YouTube a 2020. Juyi ya ragu, turawa ta rage.

Abin da ke ci mani rai shi ne bidiyon biki, da na suna, da na saukar karatu. Gaggawa ta sa aka matse su zuwa 3GP, aka watsar da kaset da faifan asali. Abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa, komai ƙarfin kwamfuta. Akwai gidajen da hoton mahaifinsu mai motsi bai wuce wannan ɗan dishi-dishin ba, ba a ma gane fuskarsa.

Don Allah, duk mai tsohon kaset ko faifan iyali a ƙasan akwati ya fito da shi a kwafe shi da cikakken girmansa, ko da zai kwana yana juyuwa, kuma ya adana na asalin.