Yadda na'ura ke shawo kan mutum: fannin binciken da masu aikinsa

Wannan fanni yana auna yadda manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke sauya ra'ayin mutumin da suke hira ko aiki tare da shi. Masu yin sa sukan fito daga kimiyyar kwamfuta, ilimin halayyar ɗan Adam ko nazarin harshe, kuma galibi sai da digiri na uku ake samun gurbi a jami'a ko kamfani.

B.J. Fogg na Jami'ar Stanford ya share fagen tun shekarun 1990, amma lamarin ya ɗauki zafi ne a 2022, lokacin da kamfanin Meta ya fito da CICERO. Manhajar ta buga wasan Diplomacy da mutane, wasan da ba a cin sa sai da lallashi da ƙulla ƙawance, ta kuma shiga sahun gwanaye. A 2024 mujallar Science ta wallafa gwajin Costello, Pennycook da Rand: mutum 2,190 masu imani da labaran maƙarƙashiya suka yi gajeriyar hira da GPT-4, imanin nasu ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, bai kuma dawo ba bayan wata biyu. Abin tsoron shi ne, bakin da ya cire ƙarya zai iya dasa ta.

Duka gwaje-gwajen biyu da Turanci aka yi su. To, ɗauki Maiurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu Shuɗi bayan yaƙin Burmi na 1903, ko ƙauyukan Hausawan da suka daɗe suna aikin auduga a Gezira. Hausarsu gauraye take da Larabci, kuma maganar malami da dattijo tana da nauyi. Idan manhaja ta ce wa manomi ya sauya iri ko ya rage ban ruwa, me zai sa ya yarda? In ta yi kure, yaushe zai ƙi? Sakamakon Amurka ba ya amsa wannan, sai mai binciken da ya ji harshen, ya san mutanen.

Jami'ar Gezira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ita ce ƙofa mafi kusa, sai dai yaƙi ya dagula karatu: dakarun RSF sun kama birnin a Disamban 2023, sojoji suka ƙwato shi a Janairun 2025. Ɗalibin da ke da intanet zai iya shiga ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane, masu tattara bayanan harsunan Afirka, ko ya nemi shirin digiri na biyu na AMMI da aka fara a Kigali a 2018.