Sabon Zangon Ankara, Inda Hanyar Goro Ta Kai Bakin Teku

Baƙon da ya sauka Ankara ta Gana, Jamestown ake fara kai shi. A nuna masa James Fort da Ingilishi suka gina a 1673, da Ussher Fort ta mutanen Holan wadda ta girme ta, ga kwale-kwalen masunta jere a gaɓa, hayaƙin bandar kifi na tashi. Wajibi ne a gani, ko don bayin Allah da aka tsare a wurin. Amma ɗan Bichi ko Tsanyawa da ya juyo daga nan, nasa tarihin ya bari a baya, domin yana ƙetaren tafkin Korle, a Sabon Zango.

Kakanninmu fataken Gwanja, Agalawa da Tokarawan ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Katsina, Salaga ce iyakarsu a da. Daular Asante ta tare hanyar kudu. Da Turawa suka ci Kumasi, babban birninta, a 1874, har da sojojin Hausa da Kyaftin Gulba ya kwaso daga Legas, sai ƙofa ta buɗe. A 1877 Turawa suka mai da hedikwatar mulkinsu Ankara, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙara koro 'yan kasuwa kudu.

Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, shi ya samu fili a hannun 'yan ƙasa, ƙabilar Ga, aka kafa Zangon Malam a 1881. Bayan rasuwarsa a 1893 rigimar limanci ta tashi, wuri kuma ya yi kaɗan. Ɗansa Malam Baƙo ya nemi sabon fili a bayan gari, ya kwashi jama'arsa wajen 1912. Sabon Zango ke nan, kuma sarautarsa na gidan Baƙo.

Abin da ya riƙe zango, a ganina, amanar maigida ce. Ka iso da ƙurar hanya ba ka san kowa ba, ya ba ka ɗaki da tuwo, ya ajiye kuɗinka, ya haɗa ka da dillali, in ciniki ya faɗa a fitar da la'ada. In ka mutu shi zai yi maka sutura. A irin wannan inuwa Alhasan Ɗantata ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, tafiyar da jakuna ke cinye watanni a kanta ta koma ta makonni.

Korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Minista Busiya, ta raba gidaje da yawa, har da waɗanda aka haifa a can. Duk da haka da asuba za ka tarar da mai koko da ƙosai a bakin lungu, ka yi sallama a amsa maka da Hausa.

Kafin ka tafi, zauna da tsofaffin gidanku, ka rubuta sunayen waɗanda suka tafi Gwanja ba su dawo ba. Ka je da takardar fadar sarkin zango, ka yi gaisuwa, sannan ka tambaya.