Masu Bi a Hartum da Omdurman

Mu a ƙasar Hausa mun daɗe da sanin sunan Hartum, gama ta wannan ƙasa hanyar alhazai ta bi, daga Maiduguri zuwa Fashir da Ubayyid, har bakin Bahar Maliya. Sunan Sudan kuma ba baƙo ba ne gare mu, tun da shi ke mishan biyu da suka yi aikin Bishara a cikinmu, S.I.M. da S.U.M., da shi aka kira su. Amma kaɗan ne suka san akwai 'yan'uwa masu bi a wurin nan da Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka gamu, Hartum a wannan gaɓa, Omdurman a waccan. Ekklesiyar nan ba ta sami sarari ta yi wa'azi a kasuwa yadda mu ke yi ba. A cikin gida ta yi girma, da ɗakin magani, da ajin dare.

Ran 26 ga Janairu 1885 mayaƙan Mahdi suka ci Hartum, aka kashe Gordon. Kristan da suka ragu, Kibɗawa na Masar da Girkawa da mutanen Suriya, aka ƙetare da su Omdurman, aka tilasta musu su musulunta. Haka aka yi wa waɗansu fada da sistoci na Katolika da aka kamo daga Kordofan. Unguwar da aka zaunar da su aka sa mata suna Masalma, wato waɗanda aka musuluntar. Shekara 13 suka yi a ƙarƙashin Mahdi da magajinsa Halifa Abdullahi, ba majami'a, ba sujadar Lahadi, dole kuma a gan su a masallaci. Waɗansu sai sun rufe ƙofa su yi addu'a da iyalinsu a ɓoye. Bayan yaƙin Karari, ran 2 ga Satumba 1898, da yawa suka fito fili suka ce har yanzu su na Kristi ne. Waɗansu kuwa suka zauna cikin Musulunci. Kada mai karatu ya yi saurin yanke musu shari'a. Mu da mu ke tafiya majami'a da rana tsaka, ba mai tambayarmu, ba mu san nauyin abin da suka ɗauka ba.

Da Turawan Ingila suka kama mulki, sai mutum ya zaci ƙofa ta buɗe ke nan. Ba haka ya zama ba. A ƙarshen 1899 Llewellyn Gwynne da Likita Harpur na C.M.S. suka iso, Kitchener ya ce su zauna, amma kada su yi wa Musulmi maganar addini. Gwamnati tana tsoron kada wutar Mahdiyya ta sāke tashi. Mun san irin wannan doka, gama kusan haka aka yi a ƙasashen sarakunanmu a zamanin Lugard. Gwynne ya zo domin wa'azi, sai ga shi ya zama limamin sojan Ingila. Mishan na Amurka, su Kelly Giffen, su ma suka tarar da dokar nan. Suka bar wani fasto Bamasare ya yi kiwon Masarawa masu bi da ke aikin gwamnati, su kuwa suka wuce kudu suka kafa tasha a Doleib Hill a 1902.

Abin da doka ba ta hana ba shi ne jinya da koyarwa. Ƙaramin ɗakin magani na C.M.S. a Omdurman ya zama asibiti, ya shekara da yawa yana karɓan kowa ba tambayar addini. Makarantar 'yan mata da Kibɗawa suka fara a Hartum a 1902 ta koma hannun C.M.S., a 1928 kuma aka sa mata suna Unity High School. Waɗanda suka tuba ta wurin aikin nan ba su da yawa, gaskiya ke nan, har waɗansu a Ingila suka riƙa cewa asarar kuɗi ce. Ni ban ga haka ba. Mutanen da suka ga Krista ya wanke gyambon tsohuwarsu sun san wani abu game da Ubangijinsa, ko da ba a faɗa musu da baki ba.

Girman ekklesiya ya zo ta inda ba a sa ido ba. Samari daga duwatsun Nuba da ƙasashen kudu suka riƙa zuwa neman aiki: boyi, kuku, lebura, mai gadi, soja. Ran Lahadi ranar aiki ce a Hartum, Jumma'a ce ta hutu, saboda haka sai da maraice su ke samun zarafi. Aka buɗe musu wuraren taruwa a unguwanni, inda wanda ya iya karatu ya ke koya wa wanda bai iya ba, a yi waƙa, a yi addu'a, a shirya masu neman baftisma. Sabon zuwa nan ya ke samun wurin kwana da mai nema masa aiki. Dinka da Nuer da Moro, waɗanda ba su jin harshen juna, da Larabcin kasuwa suka yi zumunta. In yaro ya tara ɗan kuɗi ya koma gida, da Bishara ya ke komawa. Philip Abbas Ghabboush, Banube haifaffen Omdurman, ya zama fasto, daga baya ya shiga majalisar ƙasa a 1965.

Sudan ta sami mulkin kai ran 1 ga Janairu 1956. Gwamnatin soja ta Abboud ta kafa dokar ƙuntata aikin mishan a 1962, a Fabrairu 1964 kuma ta kori dukan Turawan mishan daga kudu. A 1971 gwamnatin Numairi ta karɓe babbar majami'ar All Saints da ke kusa da fadar shugaban ƙasa, wadda aka keɓe a 1912. Asibitin Omdurman ma ya koma hannun gwamnati a shekaran nan. Gine-gine sun tafi, jama'a kuwa suna ta ƙaruwa. Elinana Ngalamu, ɗan ƙasa, ya zama bishop na Sudan a 1974.

Yaƙin basasa na biyu, daga 1983 zuwa 2005, ya koro mutanen kudu da na Nuba jingim zuwa bayan gari, a Mayo da Jabal Auliya da Wad al Bashir da Jabarona. Can a cikin rairayi suka kafa rumfuna na tabarma da buhu da laka. Rumfa ɗaya ita ce makaranta da safe, majami'a da maraice, wurin zaman makoki in an yi rasuwa. Sau da yawa hukuma ta rushe su da cewa ba izini, su kuwa suka sāke kafawa. Mata ne ƙashin bayan taron nan, masu sayar da shayi a bakin hanya da masu wanki a gidajen mutane, su ne masu gaisuwar marasa lafiya da tara baiko.

Da Sudan ta Kudu ta ware ran 9 ga Yuli 2011, mutanen kudu da yawa suka koma gida, Nubawa suka zama mafi yawa a majami'u da dama. A 2020 aka soke dokar kisa a kan ridda. Ran 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a tsakiyar Hartum tsakanin sojan ƙasa da rundunar R.S.F. Aka washe majami'u, waɗansu aka mai da su sansani, masu bi suka watse tare da maƙwabtansu Musulmi zuwa Port Sudan, da Masar, da Sudan ta Kudu, da duwatsun Nuba. Sojan ƙasa suka sāke kama Hartum a watan Maris 2025.