Aminu Ɗantata

Alhaji Aminu Alhassan Ɗantata (19 ga Mayu, 1931 – 28 ga Yuni, 2025) attajiri ne ɗan Kano wanda ya shahara a harkar gine-gine, gidaje da filaye, da kuma taimakon al'umma.

Rayuwa da kasuwanci

Ɗa ne ga Alhassan Ɗantata, hamshaƙin ɗan kasuwar goro da gyaɗa wanda ya rasu a 1955. Bayan rasuwar yayansa Ahmadu a 1960, Aminu ya karɓi ragamar kamfanin gidansu, ya kuma faɗaɗa shi zuwa kwangilar gine-gine da hanyoyi. Ya riƙe muƙamin kwamishina a Jihar Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ƙanen kakan Aliko Ɗangote ne ta wajen uwa.

Taimakon al'umma

Ya gina masallatai da makarantu, ya kuma samar da cibiyar wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A 2024 ya ba da gudummawar naira biliyan 1.5 ga waɗanda ambaliyar Maiduguri ta shafa.

Rasuwa

Ya rasu a Abu Dhabi yana da shekara 94, aka kuma binne shi a maƙabartar Baƙi'a da ke Madina.